Mu Duba Ganyen Gyaɗa Kafin Mu Ƙirga Buhu

'Yan uwa, in za mu sayi irin gyaɗa, yawan buhu kaɗai muke tambaya. A nan muke kuskure. A 1975 darɓa ta yaɗa kuturtar gyaɗa a arewacin Najeriya, gonaki suka lalace, noman ya daɗe bai farfaɗo ba.

Ita ma gyaɗa tana da garkuwarta. Wadda ganyenta ke da yawan gashi tana hana wasu ƙananan ƙwari masu tsotso sakewa a kanta. Cibiyar binciken noma ta Samaru kuma ta fitar da nau'o'in SAMNUT masu jure kuturta.

Feshi na cin kuɗinmu kowace damina. Don haka bana mu fara tambayar mai iri: wane ƙwaro, wace cuta wannan yake jurewa?