Furen hantsi ya cancanci wuri a garkarmu

Ƴan uwa manoma, da yawa daga cikinmu suna cewa fure ba ya cika ciki, kuma ruwan da aka ja da guga ya fi ƙarfin a zuba wa abin ado. Maganar tana da kamshin gaskiya, gama ruwa yana da tsada a ƙasarmu. Amma akwai wani ɗan fure da muke ganin ya cancanci wuri a garka.

Masana suna kiransa portulaka. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, wajen Barazil da Ajantina. Ɗan uwan harshen saniya ne, wanda muka sani a gonakinmu. Yana yaɗo a ƙasa, tsawonsa bai cika wuce santimita 15 ba. Yana buɗewa da hantsi, ya rufe idan rana ta yi sanyi. Saboda haka muke kiransa furen hantsi. Akwai ja, da fari, da rawaya.

Me ya sa muke goyon bayansa? Na farko, ganyensa mai kauri ne, yana ajiye ruwa. Yana jure zafin bazara, kuma ya fi son ƙasa mai rairayi. Na biyu, yana jawo ƙudan zuma. Kabewa da kankana suna da furen namiji dabam, da na mace dabam. Sai ƙwaro ya ɗauki garin furen namiji ya kai wa na mace, sannan ɗa ya kama. In babu ƙudan zuma, ƴaƴan sukan bushe su zube tun suna ƙanana. Ashe wanda ya kira zuma garkarsa, amfanin gonarsa ya taimaka wa.

Shukarsa ba wuya. Mu zaɓi gefen fangali inda rana ke bugawa sosai, domin a inuwa ba ya buɗewa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai: mu gauraya su da rairayi, mu watsa a sama, kada mu binne. Cikin mako 2 za su tsiro. Hanya mafi sauƙi ita ce mu roƙi reshe mai tsawon yatsa wurin maƙwabci, mu soke shi cikin ƙasa mai laima. Mu bar tazarar santimita 20 tsakanin tushe da tushe.

Idan ya kama, kada mu yi masa ban ruwa sai ƙasa ta bushe. Yawan ruwa yana ruɓar da saiwarsa, ruwan da ya kwanta kuma gidan sauro ne. Ba ya bukatar taki da yawa. Kada mu fesa maganin ƙwari da hantsi, lokacin da zuma ke kiwo. Shekara guda yake yi, don haka mu tara irinsa cikin takarda, mu ajiye wuri busasshe.

Hausawa sun ce ba a raina allura, ƙarfe ce. Bana kowannenmu ya gwada layi guda kusa da kabewarsa, ya gani da idonsa.