Taura Biyu Ba Sa Taunuwa: Aikin Jinya Da Dillancin Filaye

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan darajar fili ta tashi ƙwarai a kudancin Jihar Kano, musamman a bakin babbar hanyar Kano zuwa Zariya da kuma wadda ta rabu daga Kwanar Ɗangora ta nufi Tudun Wada da Doguwa. Tun lokacin da gwamnatin marigayi Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da otal ɗin Bagauda, idon masu kuɗin birni ya koma kan wannan yanki. Daga baya kuma aka kafa reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya a Bagauda, ga noman masara da shinkafa da ya bunƙasa a Tudun Wada da Doguwa. Gonar da a da ake bayar da aronta don zumunci, yau ita ce ake yankawa fuloti-fuloti ana sayarwa.

Duk inda ciniki ya buɗe irin haka, dillalai ba sa rasuwa. Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne yadda wasu ma'aikatan gwamnati suka shiga wannan sana'a, har da ma'aikatan jinya, maza da mata, waɗanda rayukan jama'a ke hannunsu dare da rana. Wannan al'amari ya shafi kowane magidanci da zai kai matarsa haihuwa da tsakar dare, kuma ya shafi ɗaliban da ke makarantun koyon aikin jinya a yanzu, waɗanda gobe su ne za su karɓi wannan amana.

Adalci ya wajabta a fara da faɗin dalilin da ya kai su ga haka. Babu mai musun cewa albashi ya daɗe da kasa riƙe gida. A 2019 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 30,000, a 2024 aka ɗaga shi zuwa Naira 70,000, amma a tsakanin nan an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin abinci da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabi. Dattawan ma'aikata ba su manta da ƙarin albashin Udoji na 1974 ba, yadda kasuwa ta lanƙwame shi tun kafin ya ɗumama aljihu. Ma'aikacin jinya da aka tura Doguwa alhali iyalinsa suna Kano, gida biyu yake ciyarwa da albashi ɗaya. In har la'adar fuloti guda za ta iya kai albashinsa na wata, ba abin mamaki ba ne idan zuciyarsa ta karkata. Wasu abokan aikinsa ma sun haɗa kayansu sun tafi Ingila ko Saudiyya. Saboda haka wanda ya tsaya a ƙauye ya cancanci a saurari kukansa.

To, amma gane dalilin abu daban yake da amincewa da shi. Hausawa sun ce taura biyu ba sa taunuwa. Aikin jinya yana tafiya ne bisa karɓa-karɓa, wato aikin safe, da na yamma, da na dare, kuma kowanne yana buƙatar mutum ya zo da jikinsa da hankalinsa gaba ɗaya. Dillanci kuwa ba shi da lokaci. Mai saye yakan taso daga birni ba sanarwa ya ce a nuna masa fili yanzu-yanzu, in an ce ya jira gobe, wani dillalin ya riga ya janye shi. Daga nan sai a nemi mai unguwa, a tara shaidu, a auna iyaka, a karɓi kafin alƙalami. Wanda ya yini a rana yana wannan zirga-zirga sannan ya karɓi aikin dare, da wane ido zai lura da ƙarin ruwan da aka sa wa yaro, ko ya auna allura daidai gwargwado? Magatakarda idan ya yi kuskure a takarda, gobe a gyara. Kuskuren allura kuwa sau da yawa ba ya gyaruwa.

Wannan hatsari ya fi tsanani a yankin da ake magana a kansa. A babban asibitin birni idan nas ɗaya ta fita, akwai wata a ɗakin. A ƙaramin asibitin ƙauye kuwa, sau da yawa mutum ɗaya ne nas, shi ne mai ba da magani, shi ne kuma mai yanke shawarar ko a wuce da majiyyaci Asibitin Murtala a Kano. Daga Riruwai zuwa Kano tafiyar sa'o'i ce, ta cikin dajin Falgore. Mace mai zubar da jini bayan haihuwa, ko manomin da maciji ya sara lokacin kaka, ko waɗanda hatsarin mota ya rutsa da su a wannan hanya, ba za su iya jiran a gama ciniki ba.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi, wato ta amana. A karkara, rashin lafiya na daga cikin manyan dalilan da ke sa talaka ya rabu da gonarsa. Wa ya fi saurin sanin gidan da ciwo ya ci ƙarfinsu, kuɗin magani ya ƙare, aka fara shawarar sayar da gonar gado? Ma'aikacin jinyar da ke tsaye a bakin gadon. Idan shi ɗin kuma dillali ne, to asirin da aka ba shi don ya taimaka ya zama jarin ciniki a hannunsa. Ko da niyyarsa tsarkakakkiya ce, mai gonar ba shi da ƙarfin yin tayi da mutumin da ke kula da ɗansa. Ranar da mutanen gari suka fara zargin cewa malamin asibiti yana duban gonarsu fiye da yadda yake duban ciwonsu, to za su koma wa masu tallar magani a kasuwa, kuma aikin shekaru na jawo mata zuwa awon ciki da yara zuwa rigakafi ya rushe.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wani kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Wannan ya haɗa da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa ga rasa aiki. Hukumar kula da aikin jinya da unguwarzoma, wadda Doka ta 89 ta 1979 ta kafa, tana da ikon soke lasisin wanda ya yi sakaci da majiyyaci. Ban da haka, cinikin fili kansa rami ne mai zurfi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a filayen karkara. Yawancin awon igiya da ake yi ba ya bi ta wannan hanya. Sai a sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, ko magada su taso bayan shekaru su ce ba a raba gado ba. A nan dillali ake fara kamawa, kuma sammacin alƙali bai san ranar aikin asibiti ba.

Masu kare wannan ɗabi'a sukan ce ai kowa yana da 'yar sana'arsa ta gefe, don me za a ware ma'aikatan jinya? Amsa ita ce, ba a hana kowa neman halak ba, amma akwai bambanci tsakanin mallaka da dillanci. Nas ɗin da ta tara kuɗinta ta sayi fuloti mai takarda, ta gina ɗakuna a hankali don ranar ritaya, ba ta tauye haƙƙin majiyyaci ba. Wanda ya noma masara a Doguwa ko shinkafa a bakin ruwan Tiga a ranakun hutunsa, doka ta ba shi dama. Wanda aka soka shi ne mai barin ɗakin majiyyata don bin la'ada.

Bisa ga haka, nauyi ya rataya a wuyan hukuma kafin kowa, domin ba a hana mutum abu ba tare da an ba shi madadinsa ba. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano su tabbatar da alawus na musamman mai tsoka ga duk wanda ke aiki a Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, a kuma biya shi a kan kari. A gina gidajen ma'aikata a harabar asibitoci don a rage musu ɗawainiyar gida biyu. Tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa. Wajibi ne a sauƙaƙa wa ma'aikacin karkara hanyar samun rance daga gare shi. Ƙananan hukumomin nan huɗu kuma suna iya ware filaye masu takarda ga ƙungiyoyin gama kai na ma'aikatan lafiya, a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga albashi. Bayan an yi wannan, sai a tsaurara duba rajistar zuwa aiki ba sani ba sabo.

Ga ɗalibai kuwa, ya dace su yi wa kansu hisabi tun yanzu. Wanda zuciyarsa ke kan cinikin filaye da gidaje, wannan fage ne mai zaman kansa, ana karanta shi a jami'o'i da kwalejojin fasaha, kuma tun 1975 yake da hukumar da ke yi wa ƙwararrunsa rajista. Ya shiga ta ƙofa, babu aibu. Wanda kuma ya sa farin kaya ya yi rantsuwar kula da marasa lafiya, ya sani ya ɗauki amanar da za a tambaye shi a kanta duniya da lahira. Fili ko an rasa shi yau, gobe za a yanka wani, rai kuwa guda ɗaya ne. Allah ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu, ya kuma ba ma'aikata ikon riƙe amana, amin.