Michael Oher: Wa ya kamata ya ba da labarinka?

Da yawanmu ba ma kallon ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da gudu, amma na san akwai waɗanda suka kalli fim ɗin The Blind Side har da share hawaye. Ni ma ina ciki. Labarin Michael Oher ne, yaro baƙar fata daga Memphis a jihar Tennessee, wanda ya taso ba shi da tsayayyen wurin kwana, har iyalan Tuohy, fararen fata masu hannu da shuni, suka ɗauke shi zuwa gidansu.

A fili, Oher yana cikin ƙattan nan biyar da ke jeruwa gaban mai jefa ƙwallo su zame masa katanga. Ba su ke cin maki ba, kuma ba kasafai ake kiran sunansu ba sai sun yi kuskure. Baltimore Ravens ta ɗauke shi a 2009, shi ne na 23 a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar. Ya ci kofin Super Bowl da ita a Fabrairun 2013, ya yi kaka takwas a gasar NFL, kafin bugun da ya samu a kai a 2016 ya raba shi da wasa.

Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 300, Sandra Bullock ta ci Oscar da shi. Amma mai labarin ya daɗe yana ƙorafin cewa an nuna shi kamar wani dolo da bai san ƙwallo ba sai da aka koya masa. A Agustan 2023 ya je kotu, ya ce takardar da ya sa wa hannu a 2004 yana ɗan shekara 18, wadda ya zaci ta mayar da shi ɗan gida ce, ashe iko ta ba su a kan harkokinsa. Iyalan Tuohy sun musanta cewa sun cuce shi. A Satumba alƙaliya ta soke wannan iko.

Ba na cewa ba a taimake shi ba, an taimake shi ƙwarai. Amma a ajinmu na koyon aikin jarida an nuna mana cewa wanda ke riƙe da kyamara shi ke zaɓar jarumi. A fim ɗin, mai taimako ce jaruma. Wanda ya yi gumi, ya sha karo shekara da shekaru, shi ya koma abin tausayi, kuma da wannan hoton miliyoyin mutane suka san shi.

Abin bai tsaya a Hollywood ba. Kullum a TikTok da Facebook za ka ga an miƙa wa tsohuwa ko maraya leda, an haska masa waya a fuska, ana roƙon a yi sharin. Wa ya tambaye shi ko ya yarda? Shinkafar za ta ƙare cikin sati, bidiyon kuwa yana nan har yaron ya girma ya je neman aure.

Don haka 'yan'uwa, in za ka taimaka, nemi izini kafin ka kunna kyamara. In kai ake taimakawa, ka gode, amma ka karanta duk takardar da aka miƙo maka kafin ka sa hannu, ko da wanda ya ciyar da kai ne ya miƙo ta.