Lambun tsakar gida ya dawo, saura maganar iri

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa makonni kaɗan bayan haka, cefane ya zama abin da ake kwana da tunaninsa a gidaje da yawa. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A tsakanin nan ne tsofaffin buhunan siminti da bokitan fenti suka fara cika da ƙasa a tsakar gidajen Kano da Zariya da Kaduna, ana shuka alayyafo da yakuwa da kuɓewa da tumatir. Uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ita ma ta sa gasar lambu a kowane gida, da kyautar miliyoyin naira.

Shawara ce mai kyau, sai dai an tsallake wata tambaya: daga ina irin zai fito a shekara ta biyu?

Yawancin irin kayan lambu da ake sayarwa cikin gwangwani ko 'yar leda a shagunan kayan noma daga waje ake shigo da shi, don haka farashinsa na bin dala. Dalar da ake canzawa kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Wani abin kuma da mai shago ba lallai ya faɗa ba shi ne ma'anar F1 da ke jikin ledar. Irin aure ne, an haɗa iyaye biyu daban don a samu yabanya mai ƙarfi. A shukar farko yana yin 'ya'ya masha Allah. Amma idan uwargida ta matse wannan tumatir ta ajiye ƙwayarsa, abin da zai fito baɗi ba zai yi kama da uwarsa ba: wani ƙanana, wani ruwa-ruwa, wani ya ƙi yi. Dole ta koma shago. Lambun da aka yi don rage kashe kuɗi ya zama yana da kuɗin shiga duk shekara.

Irin gida ba haka yake ba. Kuɓewa da rama da yakuwa da lalo da kabewa da gauta, haka ma tumatir irin Roma da UC82B da manoman rani suka daɗe da sani, duk suna maimaita kansu. Tsofaffi ba su jira wani ya koya musu ba. Ana barin kuɓewar da ta fi kyau ta bushe a jikin uwarta har ta fara tsagewa. Tumatir a zaɓi wanda ya nuna sosai a kan shuka mai lafiya, a matse shi a kwano, a bar shi kwana biyu zuwa uku har yauƙin da ke lulluɓe da ƙwayar ya saki, a wanke, a shanya a inuwa. Daga nan a cakuɗa da toka a zuba a gora ko kwalba, a toshe baki. Kuskuren da aka fi yi shi ne cinye masu kyau a bar ragowar ƙarshen kaka a matsayin iri, wanda a hankali yake lalata zuriyar.

Kada a ɗauka kuma irin gida ba shi da aibi. Wasu cututtukan tumatir da barkono a jikin ƙwaya suke tafiya. Tattasai da aka shuka gab da barkono na iya yin aure ta hanyar ƙudan zuma, baɗi a ji yana yaji. Irin albasa da ƙyar yake wuce shekara guda da ƙarfinsa, alhali na tumatir kan kai shekara huɗu in an adana shi a bushe. Tsutsar nan ta sharon da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 kuwa ba ruwanta da asalin iri. Manomin Kadawa da ke auna amfaninsa da kwando ɗari-ɗari yana da dalilinsa na sayen irin aure. Mai buhu goma a bayan ɗaki lissafinta daban ne.

Akwai kuma batun doka, inda jita-jita ta fi bayani yawa, musamman bayan amincewa da masarar TELA ta cibiyar binciken noma ta Samaru a farkon 2024. Dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2021 ta shafi sababbin irin da aka yi wa rajista ne, kuma ba ta hau kan wanda ya ajiye iri don amfanin gidansa ba tare da kasuwanci ba. Kuɓewar kaka ba ta cikin wannan lissafi. Amma fargabar ba daga sama ta faɗo ba. A shekarun baya wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallakar sunan albasar Galmi, wadda manoman yankin Tawa suka yi zamani bayan zamani suna tacewa, sai da Nijar ta tashi tsaye kafin a janye sunan. Abin da ba a rubuta ba, ba a adana ba, yana da saurin samun sabon mai shi.

Wanda ya fi kowa barazana ga irin da ke cikin gora dai ba kamfani ba ne, ɓera ne. Nan kyanwa ta shigo. Gidan da ke da mage ya fi samun sauƙin ɓarna a ɗakin ajiya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓerayen da ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Matsalar ita ce kyanwa na ganin ƙasar da aka kaftu aka yi wa ban ruwa a matsayin banɗakin da aka gyara mata. Za ta tone irin da aka binne jiya, ta yi abin da ya kawo ta, ta rufe. Kashinta ba taki ba ne kamar na awaki ko kaji. Yana iya ɗauke da ƙwayar cutar tokzoplasma, wadda ke zama mai haɗari bayan kwana ɗaya zuwa biyar a ƙasa, tana kuma iya cutar da ɗan tayi idan mai juna biyu ta kamu. Latas da lansir da ake ci ɗanye su ne abin lura.

Maganin bai kai a kori mage ba. A shimfiɗa ƙaya ko kara ko tsohuwar raga a kan fangali har tsiro ya yi ƙarfi, a tara mata yashi a wani lungu a riƙa kwashewa kullum, mai ciki ta bar wa wani wannan aikin, a kuma wanke ganye da hannu sosai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗi, kuma babu wanda aka ji a sanarwar gasar lambu.

Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Ibadan tana da reshe a Bagauda, hukumomin raya karkara irin su KNARDA kuma suna da malaman gona. Da za a ba matan unguwa irin da ke maimaita kansa sau ɗaya, a nuna musu yadda ake zaɓe da shanya, da ba sai an dawo rabon leda duk damina ana ɗaukar hoto ba.