Kafin ka cika allonka da kyandirori, ka sa masa birki

Duk mai hawa Facebook ko TikTok ya saba ganin hoton nan: matashi a gaban kwamfuta mai allo biyu ko uku, kyandirori kore da ja na hawa da sauka, an zana layuka kamar saƙar gizo, a ƙasa kuma an liƙa ribar da aka ci yau. Wataƙila kai ma irin wannan allon kake tara wa kuɗi. To ɗan'uwa, ga ra'ayina a taƙaice: allo mai amfani shi ne wanda da ka kalle shi zai gaya maka nawa za ka iya rasawa, da lokacin da ya kamata ka tashi. Sauran duk ado ne.

Mu fara da sanin abin da kake ciniki. Fyucas yarjejeniya ce ta saye ko sayar da kaya a farashin da aka yanke yau, a cika alƙawari nan gaba. Asalinsa hatsi ne, ya kuma bunƙasa a kasuwar Chicago da aka kafa a 1848, kamar dai ɗan kasuwar Dawanau ya yanke farashin masara da manomi tun tana gona. Ofshan kuwa ya yi kama da kafin alƙalami: ka biya wani abu a riƙe maka farashi zuwa wata rana, in ranar ta wuce ba ka saya ba, kuɗinka ya tafi. Yanzu abin ya koma na gaggawa. Tun 2022 ake da ofshan na ma'aunin hannun jari na S&P 500 a Amurka da ke ƙarewa a kowace ranar kasuwa. A nan gida kuwa, yawancin matasanmu fyucas na kirifto suke yi a waya, a manhajoji irin su Binance da Bybit, wani cinikin bai kai minti goma ba.

Kada a yi maka ganin kitse a rogo. A Satumbar 2024 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Indiya, SEBI, ta fitar da bincike cewa kashi 93 cikin 100 na ɗaiɗaikun masu cinikin fyucas da ofshan sun yi asara a cikin shekaru uku. A Brazil ma, masana sun bi diddigin masu cinikin fyucas na yini guda, suka gano cewa cikin waɗanda suka jure sama da kwana 300, kashi 97 asara suka yi. Su ma fa suna da allo, suna da jadawalin farashi. In har ka dage sai ka shiga, ga abin da nake ganin ya kamata ya zauna a allonka.

Na farko, farashin da za a share maka asusu. Manhaja za ta ba ka damar ninka jarinka, abin da ake kira lebarej. A ce kana da naira 100,000 ka ninka sau 20, kana juya naira miliyan 2 ke nan. Farashi ya karkace da kashi 5 kacal, jarinka ya ƙare, kuma tun kafin ya kai nan manhajar za ta rufe cinikin. Bitcoin kan yi irin wannan motsin a yini guda. Ranar 10 ga Oktoban 2025, bayan Donald Trump ya yi barazanar ƙara wa kayan China haraji, an share cinikin kirifto na kusan dala biliyan 19 cikin awa 24. Wannan lambar ce ta fi cancantar zama da manyan baƙaƙe a sama.

Na biyu, birki, wato umarnin da kake ba manhaja ta fitar da kai da kanta in asara ta kai wani mataki. Ka sa shi kafin ka shiga, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tuna a inda kake zaune: ana ɗauke wuta, netwok na tsinkewa, data na ƙarewa ana tsakiyar ciniki. Masu hankali ba sa yarda ciniki ɗaya ya ci fiye da kashi 1 ko 2 na jarinsu. Dalili kuwa lissafi ne: wanda ya rasa rabin jari, sai ya ninka abin da ya rage kafin ya dawo inda ya fara.

Na uku, agogo da kalandar labarai. Alƙaluman hauhawar farashi da na ayyukan yi na Amurka suna fitowa da ƙarfe 8:30 na safe agogon New York, wato 1:30 na rana a Najeriya da Nijar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, 2:30 a sauran watanni. Babban bankin Amurka kuma kan sanar da matsayarsa kan kuɗin ruwa da ƙarfe 7 ko 8 na dare agogonmu. A irin waɗannan mintunan farashi kan yi tsalle har ya tsallake birkinka. Sabon shiga ya kamata ya naɗe hannu ya yi kallo.

Na huɗu, kuɗin da ke zurarewa ba ka ji. A ce ana cajin kashi 0.05 a shiga da kuma fita. A kan wancan miliyan 2, naira 2,000 ke nan kowane ciniki. Ka yi goma a rana, ka biya 20,000, kashi ɗaya cikin biyar na jarinka, ko da ba ka faɗi ko sau ɗaya ba. Ga kuma kuɗin riƙe ciniki da galibi ake lissafawa duk awa takwas. Shi kuwa ofshan kamar ƙanƙara yake a rana, ko farashi bai motsa ba darajarsa na narkewa yayin da wa'adi ke matsowa.

Na biyar, littafi da biro. Rubuta kowane ciniki, dalilin shiga, da abin da ya fito. Jadawali ɗaya ko biyu a TradingView sun ishe ka. Zauren sigina na Telegram kuwa, rufe shi. Mai sayar maka da sigina ya riga ya ci ribarsa daga kuɗin rajistarka.

Akwai kuma tambayar da allo ba zai amsa maka ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa cinikin ofshan yadda ake yin sa a kasuwanni bai halatta ba, haka ma fyucas da ba a miƙa kaya ko kuɗi a lokacin ƙulla ciniki. In kai Musulmi ne, ka zauna da malamin da ya san harkar kuɗi kafin ka zuba ko kwabo.

Shawarata ta ƙarshe: buɗe asusun gwaji na kuɗin wasa, ka yi wata uku kana rubuta komai. In littafinka ya nuna asara, ka gode wa Allah da ka gano a kyauta. Kuɗin makaranta, jarin shagon Baba, ko adashin Inna kuwa, don Allah kada su kusanci wannan allon.