Tun Ran Gini Ran Zane: Wa Zai Biya Kuɗin Cire Na'urar Zuciya?

A watan Oktoba na 1958, a asibitin Karolinska da ke ƙasar Suwidin, likitan fiɗa Ake Senning ya dasa wa wani mutum mai suna Arne Larsson na'urar daidaita bugun zuciya a cikin jikinsa, irinta ta farko a duniya. Ba ta yi kwana guda tana aiki ba ta tsaya, sai da aka musanya ta da wata. Kafin rasuwarsa a 2001, yana da shekara 86, an canza masa irin wannan na'ura fiye da sau ashirin. Watau tun daga mutumin farko, dasawa da cirewa tafiyarsu ɗaya. Duk da haka, har yau bayanin da ake yi wa majiyyaci ya fi karkata ga ranar shigarwa, alhali kuwa ranar fitarwa tana nan tafe da haɗarinta da kuɗinta. Wannan ba daidai ba ne. Kamata ya yi a rubuta wa majiyyaci yadda za a cire na'urar, da wanda zai biya, tun kafin a taɓa fatarsa da wuƙa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin ciwon da ake magana a kai. Gazawar zuciya ba tsayawarta ba ce; rauni ne da ke hana ta tura isasshen jini zuwa sassan jiki. Mai ciwon yakan yi haki da 'yar tafiya kaɗan, ƙafafunsa su kumbura, ya kasa kwanciya sai ya jingina. Da ƙwaƙwalwa ta ji jini ya ragu, sai ta aika wa zuciya umarnin ƙara sauri, ta kuma matse hanyoyin jini. Wannan yana taimakawa na ɗan lokaci, amma idan ya daɗe tamkar yi wa gajiyayyen jaki bulala ne a kan tudu.

Daga cikin na'urorin da aka ƙera don wannan matsala akwai Barostim, ta kamfanin CVRx, wadda Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2019. Sassanta biyu ne. Akwai ɗan akwati mai batir da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ƙirji, dab da kafaɗa. Akwai kuma siririyar waya da ke bi ta ƙarƙashin fata zuwa wuya, inda ake ɗinke bakinta a jikin babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. A daidai wurin akwai wasu ƙwayoyin halitta masu auna ƙarfin bugun jini. Na'urar tana tsokanarsu da 'yar wutar lantarki, su kuma su sanar da ƙwaƙwalwa ta sassauta wa zuciya. Babban gwajin da aka yi mata ya nuna majiyyata sun fi samun sauƙin tafiya da jin daɗin rayuwa, amma bai tabbatar da cewa tana rage mace-mace ba. Akwai kuma wasu na'urorin, waɗanda suka girme ta, da ake zura wayoyinsu ta cikin jijiyar jini har cikin zuciya, domin ɓangarorinta su riƙa bugawa tare.

To, me zai sa a cire abin da aka sha wahalar dasawa? Dalili na farko shi ne batir. Bayan wasu shekaru yakan ƙare, kuma da yake a rufe yake ruf cikin akwatinsa, sai an tsaga fata an fitar da akwatin duka an sa sabo. Na biyu shi ne ƙwayoyin cuta. Bakteriya sukan manne a jikin ƙarfe da roba, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai. Saboda haka ƙa'idar likitocin zuciya ita ce, idan na'ura ta kamu, a fitar da ita baki ɗaya har da wayoyinta. Na uku shi ne kuskuren ƙira. A 2007 kamfanin Medtronic ya janye wata waya mai suna Sprint Fidelis daga kasuwa saboda tana karyewa, bayan an riga an dasa ta a jikin mutane fiye da 250,000.

Cirewa kuwa sau da yawa ta fi dasawa wuya. Jiki yana ɗaukar duk baƙon abu a matsayin rauni, sai ya kewaye shi da tabo mai tauri. Wayar da ta shekara da shekaru cikin jijiya takan manne da bangonta, har sai an bi ta da wani bututu na musamman ana yanke tabon, kuma idan jijiyar ta yage sai an buɗe ƙirji nan take. Wadda ke wuya kuma tana maƙwabtaka da jijiyoyin da ke sarrafa harshe da murya.

Nan ne zancen kuɗi ke shigowa. A Amurka kowane aikin likita yana da lambarsa a wani kundi da Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fara bugawa a 1966, kuma da wannan lamba ake neman biya daga inshora. Cire batir kaɗai da lambarsa, cire waya kaɗai da tata, cire na'urar duka da tata. Bayan haka likitan fiɗa, da mai sa barci, da asibiti, kowa da nasa lissafin. Tsarin yana da amfani, don yana nuna ainihin aikin da aka yi, amma bai amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba: idan na'ura ta lalace saboda laifin maƙeri, wa zai ɗauki nauyi? A 2017 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta Amurka ya bayyana cewa tsakanin 2005 da 2014, shirin inshorar tsofaffi na Medicare ya kashe dala biliyan 1.5 wajen musanya nau'o'i bakwai kacal na na'urorin zuciya da aka janye ko suka lalace kafin wa'adinsu, majiyyata kuma suka biya kimanin dala miliyan 140 daga aljihunsu. Kamfani yakan bayar da sabuwar na'ura kyauta ko da rangwame, amma na'ura ba ta shigar da kanta; kuɗin tiyata da gado suna kan wasu.

Idan haka ta faru a ƙasar da ke da inshora mai ƙarfi, ina ga Nijeriya, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa? Ba baƙon abu ba ne dangi su sayar da gona ko fili don kai mara lafiya Indiya ko Masar a dasa masa na'urar zuciya, su dawo suna murna an gama. Bayan shekaru batir ya yi sanyi, sai a tarar ba tanadi, wani lokaci ma ba takardar da ke nuna sunan na'urar, balle injin da zai karanta ta.

Wasu likitoci na ganin cewa yawan bayani zai firgita majiyyaci ya ƙi aikin da zai amfane shi, kuma ba wanda ya san farashin shekara bakwai masu zuwa. Akwai gaskiya a nan, amma ba ta isa hujja ba. Wanda ya amince da rabin labari bai amince ba. Ko da ba a san adadin kuɗi ba, an san ayyukan da za su taso, ana kuma iya rubuta wanda kowannensu zai hau kansa.

Saboda haka abubuwa uku sun wajaba. Asibiti ya ba majiyyaci takarda mai ɗauke da sunan na'ura, da lambarta, da tsawon ran batirinta, da wurin da za a iya cire ta kusa da gida. Kamfanin da na'urarsa ta lalace saboda kuskurensa ya biya kuɗin tiyatar gaba ɗaya. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa kuma, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ikonta, ta ɗauki dasawa da dubawa da cirewa a matsayin jinya guda.

Ɗaliban da ke karatun kimiyya a yau su ne likitoci da injiniyoyin da za su riƙe waɗannan na'urori gobe. Ya dace malamansu su koya musu tun yanzu cewa duk wanda ya sa abu a jikin ɗan Adam, alhakinsa bai sauka ba sai ranar da abin ya fita lafiya.