A Daina Cewa "A Kai Shi Dawanau"

Duk wanda ya tashi a Kano ya san Dawanau da abu biyu. Na farko kasuwar hatsi, inda manyan motoci ke lodin gero da dawa da wake da riɗi zuwa Kudu da Nijar. Na biyu asibitin masu taɓin hankali, wanda sunansa ya zama abin ba'a a bakinmu, har in mutum ya yi abin da ba mu gane ba sai mu ce, "A kai shi Dawanau!" Mu dai dariya muke yi. Amma akwai gidaje a ƙauyukan ƙasar Dawakin Tofa waɗanda wannan magana ba ta ba su dariya, domin a kan 'ya'yansu ake yin ta.

Yaran da muke nufi su ne masu galahanga. Yaro ne ya shekara uku bai fara magana ba, a kira sunansa ya ƙi waiwayowa alhali kuwa kunnensa lafiya lau, ba ya haɗa ido da uwarsa, ya wuni yana jujjuya murfin kwano, ƙarar injin niƙa ta sa shi kururuwa kamar an ɗana masa wuta. Wannan ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, ba kuma kishiya ce ta yi masa sammu ba. Yanayin girman ƙwaƙwalwa ne, kuma gado yana da hannu babba a ciki. Tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. To, a ƙidaya yaran Dawakin Tofa, sannan a gaya mana ina nasu suke.

Mun san inda suke. Suna ƙuryar ɗaki a kulle, don kada 'yan unguwa su gani su ƙi auren yayyensu mata. Uban ya karyar da buhun gerosa tun kaka, ya ƙarar da kuɗin wajen hayaƙi da turare. Uwar ta daina zuwa biki da suna, ga reno ba dare ba rana, ga gorin dangin miji, wai daga tsatsonta ne. In haƙuri ya ƙare, sai gidan mari. Ba mu manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 ba: ɗaruruwan mutane, har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Ɗan mai kuɗi kuwa, Abuja ake kai shi.

Su mahukunta sai su ce ai an yi doka. Gaskiya ne. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, a Janairun 2023 kuma ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta Turawan mulkin mallaka ta 1958. Ranar 2 ga Afrilu ma akan sa shuɗiyar riga a yi jawabi a otal. Madalla! Amma wane jawabi ne ya taɓa koya wa yaro cewa "ruwa" in ya ji ƙishi?

Ba ƙarin gado muke nema a asibitin Dawanau ba, don ba kwanciya yaran nan suke bukata ba, balle ma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya kaf ba su kai 300 ba. Galahanga ba ta da ƙwayar da ke warkar da ita. Abin da ke taimako shi ne a gano ta da wuri, a koya wa yaro magana ko ishara, da cin abinci, da tsarki, da zama cikin mutane. Uwar nan ai tana kai shi rigakafi asibitin sha-ka-tafi. Me zai hana a horar da ma'aikatan wurin su tambaye ta ko yana waiwayowa, ko yana nuna abu da yatsa? Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin koyar da iyaye wanda ba sai likita ba. A ware wani kaso daga harajin kasuwar hatsi a ɗauki nauyinsa, a kuma buɗe aji a firamaren garin.

Mu ɗalibai ma ba mu tsira ba. Jami'ar Bayero tana da sashen ilmin masu bukata ta musamman, kuma daga harabarta zuwa Dawanau ba tafiyar sa'a guda ba ce. Muna kira ga ƙungiyarmu ta nemi a riƙa tura ɗaliban sashen can aikin gwajin koyarwa, ta kuma zauna da dagatai da limaman Juma'a na yankin kafin hutun wannan zango.